Aure, Dukiya da Asali a Littafin Pride and Prejudice na Jane Austen



Littafin da zan yi magana a kansa yau ƙagaggen labari ne da aka buga a Ingila cikin 1813, mai suna Pride and Prejudice, wato girman kai da saurin yanke hukunci. Marubuciyarsa, Jane Austen, 'yar wani limamin coci ce, an haife ta a 1775, ta rasu a 1817. Akasarin masu karatu suna ɗaukarsa labarin soyayya ne kurum. Ni kuwa ina so in nuna muku cewa soyayyar a bisa lissafin kuɗi aka gina ta.

Mista Bennet yana da 'ya'ya biyar, duk mata, da gandu mai kawo masa fam 2,000 a shekara. Amma akwai sharaɗi a kan gandun, cewa namiji kaɗai ke gadonsa. Ran da ya mutu, gida da gona za su koma hannun wani ɗan'uwansa, Mista Collins. Abin da kowace 'ya za ta tsira da shi bai wuce fam 1,000 ba, wanda ribarsa fam 40 ce a shekara. Mu da muka saba da shari'ar da ta yanka wa 'ya mace rabonta na gado, dole mu lura da wannan bambanci. Wanda ya fahimce shi zai rage yi wa uwar yaran dariya saboda zumuɗinta na aurar da su, don kuwa tsoro ne ke korar ta.

Yanzu sai mu dubi aure uku. Charlotte Lucas, mai shekara 27, ba kyau ba dukiya, ta amince da Collins alhali ta san wawa ne, domin a wurinta da babu gara ba daɗi. Lydia, autar gidan Bennet, ta bi son zuciya ta gudu da Wickham, wani soja mai farautar dukiyar mata, wanda bai yarda ya aure ta ba sai da aka biya masa bashinsa. Ita kuwa Elizabeth, tauraruwar labarin, ta ƙi Collins wanda zai gaji gidansu, ta kuma ƙi Darcy mai fam 10,000 a shekara, saboda ya nemi aurenta yana goranta mata danginta. Ba ta amsa masa ba sai da ya sauke girman kansa, ita ma ta gane ta yi masa mummunan zato.

Batun asali kuma ya fi na kuɗi sarƙaƙiya. A Ingila ta wancan zamani, mai cin arzikin ƙasa ya fi mai cin arzikin kasuwa daraja. 'Yan'uwan Bingley mata suna yi wa Elizabeth ba'a don kawunta Gardiner ɗan kasuwa ne a Landan, sun manta dukiyar ubansu ma daga kasuwa ta fito. Laifi tudu ne. Amma marubuciyar ta sa wannan ɗan kasuwa ya fi Lady Catherine, mai taƙama da asali, ladabi da sanin ya kamata.

To, ina marubuciyar ta tsaya? Ta saka wa Elizabeth da miji nagari mai dukiya, amma ba ta la'anci Charlotte ba, domin ta san masu sa'ar Elizabeth kaɗan ne. Ita kanta a 1802 ta amsa wa wani magajin babban gida da dare, gari na wayewa ta janye, ba ta kuwa yi aure ba har ta rasu. Sai a 1882 dokar Ingila ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta.

Saboda haka, ɗalibai, kafin ku yanke wa Charlotte hukunci, ku fara tambayar wace ƙofa ce al'ummarta ta bar mata a buɗe.