Don Me Kanti Ke Mutuwa Tare Da Mai Shi?



Da aka sa ni in yi magana a kan wasiyya da kafa sana'a, wani abokina ya ce mini wasiyya ai zancen tsofaffi ne, me ya kai yaro gare ta. Na ce masa kantin baffana ne ya kai ni. Baffan nan nawa, Allah ya jiƙansa, ya shekara kusan talatin yana sayar da yadi a Kano, shi da wani amininsa, ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya a tsakaninsu ba, domin a ganinsu takarda alamar rashin yarda ce. Wanda yake bi bashi da wanda ke binsa duk a kansa suke. Ana gama zaman makoki aminin ya ce fiye da rabin jarin nasa ne, iyali kuwa suka ce su dai sun san shi a matsayin mai taya ciniki. Masu bin marigayi bashi suka yi ta sallama, waɗanda yake bi kuwa ko ƙeyarsu ba a gani ba. Aka garƙame kantin fiye da shekara guda ana kai da komo a kotu, ranar da aka buɗe shi yayin yadin ya wuce, gara kuma ta ci rabonta. Har yau ban yarda akwai ɓarawo a cikinsu ba, mai yiwuwa ma aminin gaskiya ya faɗa. Wanda zai raba gardamar ne ya riga mu gidan gaskiya.

Shari'a ba ta bar rabon gado a hannun kowa ba. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanka wa magada rabonsu, littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da su, irin su Risala da Muhtasar, sun yi bayani filla-filla. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, abin da ya saura shi ne gado. To, a ƙaddara abin da ya saura naira 12,000,000 ne, mamacin kuma ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da sumuni, watau 1,500,000, mahaifiya tana da sudusi, 2,000,000, 'yar ta sami 1,700,000, kowane ɗa namiji ya sami 3,400,000. Lissafi ya fita sarai, babu wanda aka zalunta. Amma in dukiyar nan kanti ce, to an yanka ta gida biyar ke nan, kuma babu kashi ɗaya a ciki da zai iya riƙe ciniki irin na da.

Nan ne rajistar sana'a ta shigo cikin zancen gado. Hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wadda aka fi sani da CAC, an kafa ta a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 1990, a shekarar 2020 kuma aka sa hannu a kan sabuwar doka da ta maye gurbinta. Mutane da yawa suna rajistar sunan kasuwanci su ɗauka sun kafa kamfani, alhali kuwa abubuwa biyu ne daban. Sunan kasuwanci riga ce kawai mutum ya sa, shi ne dai a ciki: bashin sana'ar bashinsa ne, ana iya bin sa har gidansa, in kuma tarayya ce da wani, mutuwar ɗayansu tana warware ta sai in sun rubuta akasin haka. Kamfani kuwa doka tana ɗaukarsa kamar mutum mai zaman kansa, yana da asusunsa, yana mallaka, ana ƙararsa yana ƙara, kuma ba ya mutuwa don mai shi ya mutu. Abin da magada za su raba shi ne hannun jari. Da kantin baffana kamfani ne, da an buɗe takarda an ga rabon amininsa, a raba saura bisa ƙa'idar Shari'a, ƙofar kanti kuwa tana buɗe ana ciniki.

Dokar 2020 ta sauƙaƙa abin ƙwarai. Da can sai mutum biyu ke kafa kamfani, yanzu mutum ɗaya ma yana iyawa, da jarin da bai gaza naira 100,000 ba a rubuce, kuma ta intanet ake cika takardun. Sai dai kada in ruɗe ku, kamfani yana da nasa nauyi, akwai rahoton shekara-shekara, da ajiye lissafi, da haraji. Mai sayar da katin waya a bakin ƙofar makaranta ba ya bukatarsa. Wanda kuma ya kafa shi kaɗai, shi ne darakta, shi ne mai sa hannu a banki, in ya faɗi yau kamfanin yana raye a takarda amma babu mai motsa shi, saboda haka ya kyautu a sa mutum na biyu tun da wuri.

Bari in koma kan wasiyya, domin a nan ne na fi ganin sakacinmu. Musulmi yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Wasu da jin haka sai su ce to mene ne amfaninta. Amfaninta shi ne waɗanda gado ba ya kaiwa gare su. Ku dubi jikan da ubansa ya rasu tun kakan yana da rai: a mazhabar Malikiyya, in kakan ya bar ɗa namiji, wannan jika ba ya samun ko anini, ko da a ɗakin kakan ya tashi. Haka agola, haka ɗan riƙo, haka yaron kanti da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar dila. Mutane kan zargi Shari'a idan suka ga maraya ya tashi hannu banza, alhali ita ta buɗe ƙofar sulusi, kakan ne bai shiga ba. A cikin takardar wasiyya ne kuma mutum zai faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, da amanar da aka ba shi ajiya, ya kuma naɗa wasiyyi mai kula da ƙananan 'ya'yansa. Masu ganin rubutu rashin yarda ne su tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu.

Akwai kuma kyautar baki. Uba ya ce ya ba wance gidan nan, amma shi ke karɓar haya har ya kwanta ciwon ajali. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya, in ba haka ba gidan ya koma cikin gado. Ga kuma dokar filaye ta 1978, wadda ta ce ba a sauya mallakar fili mai takardar gwamnati sai da amincewar gwamna. Ashe kyautar gida tana bukatar malami tana kuma bukatar lauya.

Dalilin da ya sa na haɗa su biyun ke nan, domin dokoki iri uku ke aiki a ƙasar nan, Shari'a, da al'ada, da dokar da muka gada daga Ingila, kuma sukan yi karo. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi wadda aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka gyara dokokinsu na wasiyya domin toshe wannan kafa. Saboda haka lauyan da zai rubuta maka wasiyya lalle ya san dokar jiharka, ya kuma san farali. 'Yan'uwanmu Kirista suna da faɗin hannu fiye da haka wajen wasiyya, amma sharaɗinta a rubuta, a sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci guda, kuma kada a sa wanda aka yi wa kyauta a ciki ya zama shaida, don zai rasa kyautar. Wanda bai rubuta ba yana iya barin iyalinsa a hannun al'ada, ko da yake a 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta.

Ku kuma ma'aikata, akwai gurbin nan a fom ɗin ɗaukar aiki da na banki inda ake rubuta sunan makusanci, wanda mutane ke fassarawa da magaji. Ba magaji ba ne. Mutum ne da za a nema in wani abu ya faru, sunansa a fom ba ya ba shi kuɗinka. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba, amma wannan kuɗi, da na asusun fansho, da na banki, duk suna da takardun da ake nema, mafi wuyarsu takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci. Iyalin da ba su san ma sunan kamfanin fanshonka ba, ina za su fara?

Game da kuɗin lauya, ku tambayi farashi tun kafin a fara aiki, ba abin kunya ba ne. Marasa hali suna iya zuwa Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko da yake ta fi ƙarfi a kan ƙararrakin da ke gaban kotu, wasu tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu kuma suna da ɗakin ba da shawara kyauta. Kafin ku je, ku sami littafi guda ku rubuta asusunku na banki har da na waya, da bashi, da abokan tarayya da rabon kowa, da inda takardun fili suke, ku faɗa wa mutum biyu amintattu inda kuka ajiye shi. Mahaifina ya yi nasa bayan abin da ya sami ɗan'uwansa, shafi huɗu ne kacal, yana cikin akwatin mahaifiyata.

Shugaba, na ga ka dubi agogo sau biyu.