Ladan Gumin Mace: Mudu Nawa, Awa Nawa?

  Yau maganar lada za mu yi, wato abin da ake biyan mace idan ta sarrafa abinci.

Ku dubi kwalbar man gyaɗa a teburin ɗan kasuwa. Wa ya ɓare gyaɗar, ya soya, ya murje, ya matse man, ya toya ƙuli-ƙuli? Mace ce, daga cikin gida. Namiji yakan shigo ne wurin inji lokacin markaɗe, sai kuma wurin sayarwa, inda kuɗin yake. Tun a 1969 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira sana'ar matan kulle ɓoyayyen ciniki. To, abin da ke ɓoye shi ake taya wa da arha.

A manyan wurare ma haka ne. A kasuwar Dawanau ta Kano, mata ne ke zaman tsintar riɗi da zoɓo kafin a fitar da su ƙasashen waje, maza kuma suna kan inji da sikeli da lodi.

Me doka ta ce? Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 17, ya ce aiki iri ɗaya lada iri ɗaya, ba bambanci tsakanin namiji da mace. Tun a 1974 ma Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1951 a kan haka. A 2024 kuma aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Dokar albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ba ta shafi wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ba, wato kan mudu ko kan buhu. To, mu mata nan aka ajiye mu. Ba sai an ce miki an fifita namiji ba. An raba aikin ne kawai: shi nasa na wata, ke naki na mudu. Ran da kika kwanta ciwo ko kika haihu, ba ki da ko kwabo.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki karɓi aikin wani, yi lissafi. Sa kuɗin itace, da ruwa, da niƙa, da ladan yarinyar da kika aika. Sannan ki ƙirga awa nawa kika yi a tsugune gaban murhu. Abin da ya saura shi ne ladanki na gaskiya. Wata in ta yi wannan lissafi sai ta ga ashe kyauta take yi wa mai kaya aiki.

Na biyu, a yi magana tun farko: da wane mudu za a auna, tunkuzar ta wa ce, yaushe za a biya? In akwai ɗan makaranta a gidan, ya rubuta.

Na uku, ku da kuke adashi tare, ku tsai da farashi ɗaya. Mai kaya yana karya ku ne don ya san in kin ƙi, maƙwabciya za ta karɓa. In bakinku ya zo ɗaya, ina zai kai gyaɗarsa?

Maigida kuma, in kana ji, abin da uwargida ta samu da guminta nata ne, shari'a ta ba ta. In kai ne ke kai mata kaya kasuwa, ka faɗa mata ainihin yadda aka saya.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.