Giya da Ciwon Sanyi: Jawabi ga Matan Wuro Patuji



Mubi gari ne na kasuwa da makarantu, ga shi dab da iyakar Kamaru, baƙi ba su yankewa. Inda baƙi suka yawaita kuwa, ba a rasa mai miƙa wa yarinya ƙwaryar burukutu ko kwalbar giya da sunan karamci. Ita giya ba ta ɗauke da ƙwayar cutar. Aikinta shi ne gusar da hankali, har yarinya ta kasa cewa a'a, balle ta tuna da kwaroron roba.

Abin tsoron shi ne, ciwon sanyi yakan zauna a jikin mace ba wata alama, ya toshe hanyar ƙwai, sai bayan aure a yi ta neman haihuwa. Tunjere kuwa yakan kama jariri tun yana ciki, alhali allurar fenisilin tana warkar da shi.

Wadda tsautsayi ya auka wa, kada ta tsaya sayen kafso a kemis. Lalle ta tafi Babban Asibitin Mubi kafin awa 72 su cika, domin cikin wannan lokaci ne ake fara maganin kariya daga ƙanjamau. Iyaye, ku raka ta, faɗa ya jira sai an komo gida.