Yaranmu da Wasannin Cikin Waya: Jawabi ga Iyaye da Malamai



Tun daga shekarar 2001 da aka soma amfani da wayar salula ta GSM a ƙasar nan, wannan 'yar na'ura ta kutsa gidajenmu birni da ƙauye, har ta kai yau ba kira kaɗai ake yi da ita ba. Yaro yakan ari wayar mahaifiyarsa da sunan aikin makaranta, sai a tarar da shi yana wasan harbe-harbe tare da mutanen da bai taɓa gani ba, waɗansu a Legas, waɗansu a Indiya. A kan wannan al'amari nake so mu tattauna.

Wasa dai ba laifi ba ne. Mu ma mun yi langa a dandali, manyanmu kuma sun buga dara a gindin bishiya. Amma ita dara, da an ci mutum sai a tashi. Yawancin wasannin waya kuwa an tsara su ne yadda ba su da ƙarshe. Irin su Free Fire da PUBG Mobile kyauta ake saukar da su, watau masu su ba a bakin ƙofa suke karɓar kuɗi ba, sai an shiga ciki. Suna ba da tukuici ga wanda ya leƙo kowace rana, wanda ya yi fashi kuma ya rasa. Sa'an nan suna sayar da riguna da makamai na cikin wasan, da waɗansu akwatunan sa'a da mutum zai biya kafin ya san abin da ke ciki. A 2018 hukumomin ƙasar Beljiyam suka yanke cewa irin waɗannan akwatuna caca ne. Ni ma ban ga wani sunan da ya fi dacewa da su ba.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin kundin cututtuka, kundin kuma ya soma aiki a Janairun 2022. Kada wannan ya tsorata ku, domin hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin yake kamawa. Ba yawan sa'o'i kaɗai ake dubawa ba. Ana duba ko mutum ya kasa tsai da kansa, ko wasan ya ture masa karatu da barci da zumunci, ko kuma yana ganin ɓarnar amma ya ci gaba, a ce hakan ya ɗore kamar watanni 12. Yaron da ya yi wasansa bayan la'asar, aka kira shi ya ajiye, ba ya cikin wannan lissafi. Wanda ke gyangyaɗi a aji saboda ya kwana yana danna waya, shi ne abin lura, kuma malami yakan riga uba ganinsa.

Ƙasar Sin ta ɗauki abin da zafi. A 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 sa'a guda tak ta wasan intanet, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A gidajenmu, wannan ƙayyadewa aikin iyaye ce. Game da ƙanana kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce sa'a guda a yini.

Sai maganar kuɗi. Kada ku bar katin bankinku a haɗe da wayar da yaro ke riƙewa. Ku kuma gaya masa ƙarara cewa duk wanda ya yi masa alkawarin kyauta a cikin wasa, sa'an nan ya nemi ya karanto masa lambobin da banki ya aiko, ɓarawo ne, komai daɗin bakinsa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan zamba. Idan ta auku, a fara sanar da banki nan take don a toshe katin, kana a kai ƙara ga 'yan sanda.

Kowane wasa yana ɗauke da alamar shekarun da ya dace da su a inda ake saukar da shi. Ku duba ta. Wayoyin Android suna da manhajar Family Link wadda ke kulle waya idan lokacin da kuka sa ya cika. Wanda bai iya ba ya nemi mai gyaran waya da ya amince da shi ya sa masa ita a gabansa, amma lambar sirrin shi zai zaɓa da kansa.