Plugin ya ƙi aiki? Duba izinin folda tukuna



Makon jiya wata mai sayar da atamfa ta kira ni, wai shafinta na WordPress ya yi nauyi, kwastomomi na gajiya da jira su fice. Da na duba, hotunan ne manya-manya. Na saka mata EWWW Image Optimizer don ya rage musu nauyi, sai ga gargaɗi: ya kasa ƙirƙirar foldar wp-content/ewww.

To, a nan yake ajiye kayan aikinsa, amma sabar ta hana shi rubutu. Sai na shiga File Manager na cPanel, na ƙirƙiri foldar da kaina, na sa mata 755. Ma'ana mai foldar ne kaɗai zai iya rubutu, saura sai dai su leƙa. Nan take ya kama aiki.

Don Allah kar wani ya ruɗe ka da 777. Kamar ka bar shago a buɗe ne ka tafi gida.

In 755 bai yi ba, wataƙila foldar ba ta hannun asusun da PHP ke aiki da shi. Tuntuɓi kamfanin da ke riƙe maka shafin su gyara.

Sai kashi na gaba.