Kujerun jihohi a zaɓen tsakiyar wa'adi na Amurka

Duk lokacin da Amurka ta zo zaɓen tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa, hankali kan karkata ga Majalisar Dokoki, alhali a ranar ce jihohi 36 cikin 50 ke zaɓen gwamnoni, da dama kuma har da antoni janar da sakataren jiha. Waɗannan kujeru sun cancanci a sa musu ido, domin a jihohi da yawa sakataren jiha ne ke kula da zaɓe. A Janairun 2021 Donald Trump ya buga wa sakataren jihar Jojiya, Brad Raffensperger, waya yana neman ya samo masa ƙuri'u 11,780. Raffensperger ya ƙi, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a jihar ya tsaya yadda yake.

Wasu za su ce ai jama'a na amfani da zaɓen ne kawai don yaba wa shugaba ko hukunta shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma a 2022 Kansas, wadda ta zaɓi Trump, ta sake zaɓen Laura Kelly 'yar Dimokurat gwamna. Ashe masu zaɓe na duba mutum da aikinsa.