Idda da Haƙƙin Zawarawa: Jawabi ga Jama'ar Gassi

Malam Liman, Bulama, iyayenmu mata da ke can kan tabarma, sannunku da fitowa cikin wannan zafi.

Kwanan baya, bayan magariba, na ga wata yarinya a bakin titi tana tsayar da mai babur. Goyo a baya, katifa a naɗe, kwanuka cikin buhu. Da la'asar aka sake ta. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Yi haƙuri, ki riƙe salla."

Ban raina wannan magana ba. Na san zawarawan da makarantar Islamiyya ta tsamo daga baƙin ciki: can suka samu ƙawaye, suka shiga adashe, barci ya dawo musu. Amma addinin da muke ce mata ta riƙe, shi ne ya hana a fitar da ita a daren nan. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce a ɗakinta za ta yi idda. In saki ɗaya ne ko biyu, ci da sha na kan miji har ta gama tsarki uku. In tana da ciki, sai ta haihu. A mazhabarmu ta Malikiyya, renon yara na uwa ne muddin ba ta sake aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare, uba kuwa shi ke ciyarwa. Malam Liman na nan, in na kuskure ya gyara mini.

Ga ginin majalisar dokoki nan a Gassi, kullum muna wuce shi, amma har yau Chadi ba ta da dokar iyali guda ɗaya. Shi ya sa rigimar aure ke ƙarewa a zauren liman, ko gaban bulama, ko Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci. Kenan alhakin a wuyanmu yake.

Wasu na cewa mu yi irin na Kano, inda Hisba ta fara auren zawarawa a 2012. Madalla da aure. To, amma matar da aka kora ba idda, aka ƙwace mata ɗan yaye, gado da katifa ne za su warkar da ita?

Iyaye maza, in 'yarku ta dawo da takarda, kada ku yi fushi ku ce ta zauna. Ku kai ta wurin Liman, a kira mijin, a rubuta abin da zai riƙa bayarwa duk wata, shaidu biyu su sa hannu. Wadda ke jin nauyin magana a nan, ta samu uwargidan Malam bayan an tashi.